Gadar Surukina

Surukina, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba a gaya masa. Addu'ar nan na yi ta ne don haka aka koya mana, amma ba zan yi ƙarya in ce na ji daɗin zama da shi ba. Wata biyu ya yi a gidanmu na Thamesmead a London lokacin da ya zo aikin ido, kuma babu ranar da ban sha tarihin titi ba.

Yana saurayi gwamnati ta turo shi Ingila koyon aikin injiniya, ya faɗo daidai lokacin da Turawa suka fara shimfiɗa manyan titunan nan da suke kira motorway. Aikinsa riƙe sandar awo ne, matata ce ta tsegunta min. Amma in ya fara bayani sai ka rantse shi ya zana titin tun daga London har ƙarshen ƙasa. Taɓo har gwiwa, leburori 'yan Ireland masu zagi kamar ruwan sama, katafila tana tsaga gonakin mutane biyu, manoma na tsaye suna kallo. Da aka buɗe titin, in ji shi, babu dokar gudu, babu fitila, babu shinge a tsakiya. Ran Lahadi iyali guda za su faka a gefe, su buɗe fulas, suna shan shayi suna kallon motoci.

"Lokacin ana titi, Malam," haka yake ce min kullum. "Ku yanzu tsoro kuke tuƙawa, ba mota ba."

Ni kuwa tasi nake ja, lasin tuƙina shi ne tukunyar gidan. Kyamarorin kama masu gudu sun riga sun ci ni, makin laifi tara ne a kaina, ƙarin uku kotu ta karɓe lasin wata shida. Matata ta sani. Shi bai sani ba, don wa zai zauna gaban suruki yana tona asirin kansa?

Ranar da aka cire masa bandeji ya ce sai na kai shi ya ga gadarsa, wadda ya ce da shi aka zuba ta. Na dubi matata ko za ta cece ni, ta sunkuyar da kai tana yankan albasa. Washegari muka ɗauki hanyar arewa, yana gaba, buta da sallaya a baya. Tunda muka fita yake min gori, wai ko jaki ya fi ni sauri.

Muna cikin tafiya ya hango wata gada, ya buga gaban mota da tafin hannu.

"Ita ce! Tsaya nan."

"Baba, ba a parking a nan. Akwai services, wurin hutun matafiya, gaba kaɗan."

"Ni za ka koya wa titin nan? Tsaya, la'asar ma ta yi."

Da ubana ne da na yi masa gardama. Amma suruki ne, kuma an raine mu a kan cewa ba a musu da suruki, ko idonsa ba a kalla. Na tsani kaina a lokacin, na kuma ratse zuwa layin gefe da aka ware wa motar da ta lalace. Ya fita a hankali, ya yi alwala, ya shimfiɗa sallaya a kan ciyawa, manyan motoci na wucewa iska na kaɗa masa riga. Yana raka'a ta uku motar 'yan sanda ta tsaya bayanmu.

Ɗan sandan mai mutunci ne. Ya dubi tsoho, ya dube ni, ya tambaya ko dattijon ba shi da lafiya ne. Ƙofa ce ya buɗe min, na kuwa shige da gudu. Na ce jiri ne ya kama shi, bai daɗe da fitowa daga asibiti ba. Har ya fara mayar da littafinsa aljihu.

Sai Baba ya sallame. Ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya kwaso Turanci irin na da, ya shaida wa ɗan sandan cewa lafiyarsa ƙalau, bai taɓa jiri ba a rayuwarsa, shi ya gina titin nan, kuma shi ya umarci direbansa ya tsaya. Direbansa. 'Yarsa na gidana shekara goma sha ɗaya.

Littafi ya sake fitowa. Na karɓi takardar, na san abin da ke cikinta: wata shida ba aiki, ga yara uku.

Muka hau titi. Can Baba ya gyara tabarau, ya waiwaya baya.

"Malam, ashe ba wannan ba ce. Tamu mai ƙafa a tsakiya ce, tana gaba. In mun kai ka tsaya."

Na ce, "To, Baba."

Ba mu yi nisa ba ta bayyana, tsohuwar gada mai ƙafa a tsakiya, simintinta ya yi baƙi. Ya ɗaga hannu, ya ce ga ta, wallahi ga ta. Ban ɗage ƙafata daga kan mai ba. Ya juya yana kallonta ta gilashin baya har ta ɓace.

Bai sake zuwa Ingila ba. An sha ce min in nemi gafarar Allah a kan abin, na kuwa nema. Nadamar ce dai har yau ta ƙi zuwa.