Ƙugiya Uku a Tafiretar Iddi

Iddi Abdulwahidu Ashafa, wanda aka haifa ranar 9 ga Maris, 1928, mai gyaran agogo da tafireta ne a Zongon Lome. Bai yi boko ba, ajami ya sani. Shi ne mahaifin Hadjara Ashafa, marubuciyar da littattafanta suka zagaye ƙasashen Hausa.

Hadjara ta sauke Alƙur'ani tana shekara goma sha uku, ta kuma yi fice a makarantar Faransanci. A 1974 ta rubuta labarinta na farko da Hausa, ta buga shi da wata tsohuwar tafireta a shagon mahaifinta. Sai dai tafiretar Faransa ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba.

Ranar da ƙungiyar ɗaliban Zongo ta taru, shugabanta Aboubakar ya karanta labarin da ƙarfi. Inda amarya ta dafa miyar ƙashi, sai ya karanta abin da ke kan takarda: miyar kashi. Wuri ya kaure da dariya. Mako guda samari na tare ta a hanya: "Madmazel, yau miyar me za mu sha?"

Ta dawo shago idanunta jawur. "Baba, na bar Hausa. Daga yau sai Faransanci."

"Uwata," in ji Iddi, don sunan mahaifiyarsa gare ta, "Hausa ce ta yi miki laifi, ko ƙarfe?"

Ya sa ta zana masa baƙaƙen uku da gawayi a bango. Ya cire é da è da ç daga tafiretar, ya narka dalma, ya ɗauki magagarin agogo. Sau goma sha ɗaya ƙugiyar ƙ tana karyewa. A sati na bakwai ta zauna daram.

Hadjara ta sake buga labarin, ta miƙa wa Aboubakar a gaban taro. "Misiye, karanta. Yau da ƙashi a ciki." Ya karanta har ƙarshe, babu wanda ya yi tari. Limamin unguwa ya aiko a buga masa huɗuba. Littattafanta huɗu na farko daga wannan tafireta suka fito.

Iddi ya rasu a 1981, ya bar manyan baƙaƙen uku, Ƙ da Ɗ da Ɓ, a gwangwanin madara, an fara gogewa ba a gama ba. Duk wanda ya duba littattafan nan huɗu zai ga babu jimla ɗaya da ta fara da ƙugiya.