Igiyar Ɗanliti a Bututun Garou

Mutanen Garou Ɗanliti suke ce mai, ni kuwa maigida nake cewa. Masunci ne tun kakanni, har aka kafa injin ban ruwan shinkafa a bakin gulbin Kwara, zamanin soja, aka ɗauke shi gadi.

Bututun da ke jawo ruwan ƙarfe ne, tsaye cikin gulbi, jingine da wani turke. Da ruwa ya ƙaru cikin sanyi, sai bututun ya kama makyarkyata yana kuka, har cikin haƙora kake jin shi. Maigida bai yi mamaki ba. Ya ce duk sandar da aka kafa cikin ruwa mai gudu haka take yi: ruwan da ya wuce ta yakan murɗa a bayanta, sau ɗaya dama, sau ɗaya hagu, kowace murɗa tana fizgar ta. Masunta sukan naɗe turken jirgi da igiya a karkace, murɗar ta watse. Ya ɗauko tsohuwar igiyar taru ya naɗe bututun, ya yi tsit.

Shekara uku lafiya lau. Sai aka ce wani babban soja zai zo ganin gonaki. Issaka, ma'aikacin gona da aka turo mana, ya dubi igiyar ta yi gansakuka, ya yatsine fuska, ya ce ma maigida da irin kiran da 'yan gwamnatin lokacin ke yi wa kowa:

"Kamarad, cire wannan ƙazanta, za mu shafa fenti."

"Ranka ya daɗe, ruwa na kan ganiyarshi. In aka cire, gaɓar bututun za ta tsage."

"Ƙarfen Turai ne zai ji tsoron ruwa?"

Kai, wannan mutum! Da hannunshi ya sa wuƙa. Alhali shinkafar gida arba'in ta ɗauki ciki, har da tamu, kuma in bututun ya karye, kafin sabo ya iso daga birnin Kutanu gonaki sun ƙone.

Ranar zuwan baƙon, da hantsi, muna tsaye a jere muna taɓi. Ni idona na kan gulbi. Bututun, fari fes, yana kaɗawa yana dukan turke, kau, kau, kau. Na ga ruwa ya fara tsartuwa daga gaɓar. Issaka ya ɗaga murya yana jawabi don kada a ji ƙarar.

Maigida ya tuɓe riga gaban jandarmomi, ya rataya igiya, ya faɗa ruwa. Na ƙwala ihu, wallahi ban san na yi ba. Ya nutse, ya ɓullo, ya nutse, yana naɗi daga ƙasa. A naɗi na bakwai ƙarfen ya haɗa hannunshi da turke. Bai saki ba, da haƙori ya ja ƙullin ƙarshe. Kukan ya ragu, ya ragu, ya ɗauke.

Yatsu uku aka yanke mai a asibitin Malanville. Shinkafa ta yi, kowa ya ci. Issaka bai taɓa taka ƙofarmu ba, amma da shekara ta zagayo ya sa aka shafa wa igiyar fenti. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maigida ya yi shekara goma sha tara bayan nan. Mutumin da duk Garou ke kawo ma taru ya gyara, ko guga zai ɗaure sai ya miƙo mini bakin igiyar ya kau da kai.