Kaset ɗin da Yaya Nasiru ya bar wa 'yarsa

Juma'ar da ta wuce yayana Nasiru ya cika shekara ashirin da rasuwa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dafa shinkafa da wake in raba wa maƙwabta sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru ba. Bana shirun ya gagare ni. Dalili kuwa wata tambaya ce da 'yarsa Ummi ta yi mini, da amsar da shi da kansa ya ba ta, alhali ya bar duniya tun tana 'yar shekara biyu. 

A unguwar Gyadi-Gyadi muka tashi, ni da shi. Malamin lissafi ne a wata sakandare, mutum mai ƙarancin magana, amma idan ya sa abu a gaba ba ya ji ba ya gani. Babban amininsa Bulus ne, ɗan wani ma'aikacin gwamnati daga Kudancin Kaduna, wanda ke da shagon kwamfuta a Tarauni inda ake buga wa mutane takardu. Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba. Kowane bango fastar ɗan siyasa, wayar salula ta fara shigowa hannun masu hali, kowa kuma yana jin kamar gobe za ta fi yau. A cikin wannan yanayi ne wani ɗan'uwan Bulus ya kawo wa Yaya tsarabar wata 'yar na'urar wasa daga Legas, irin wadda ake riƙewa da hannu biyu, mai ƙaramin gilashi da 'yan maɓallai, mai cin batir biyu.

Irin wannan na'ura da kaset take aiki, wani ɗan abu kamar kwalin ashana da ake zura mata ta baya. Kowane kaset da wasansa a ciki, an yi shi a can wata ƙasa an rufe, ba ka da ikon canja ko ɗigo. Amma a cikin tsarabar akwai wani kaset daban, babu hoto a jikinsa, babu komai a cikinsa, sai wata igiyar waya da ake haɗa shi da kwamfuta. Wannan duk abin da ka tsara a kwamfuta kana iya zuba masa, idan ka gaji ka share ka zuba wani. Yaya allo yake ce masa, wai a rubuta, a wanke, a sake rubutawa. Ranar da ya gane cewa mutum yana iya ƙirƙirar wasansa na kansa ya sa a ciki, daga ranar muka rasa gane kansa.

Da an tashi daga makaranta sai shagon Bulus. Ya tara takardun da suka ciro daga intanet, yana bi da jan biro kamar mai duba jarrabawa. Innarmu ta yi faɗan har ta gaji. "Ƙato da kai, da gemunka, ka zauna kana wasan yara," in ji ta. Shi dai sai murmushi. Ina tuna ranar da ya shigo gida da sauri ya ja ni bakin taga, domin gilashin ba ya ganuwa sai da haske, ya nuna mini wani baƙin ɗigo yana tafiya hagu da dama. Na ce, "Yaya, a kan wannan ƙudan ka hana kanka cin abincin rana?" Ya ce, "Ke dai Talatu ba ki da haƙuri. Wannan ƙudan ni na ce masa ya tafi, kuma ya tafi."

A shekarar ce matarsa Rabi ta sami cikin fari, da ya tsufa aka zo aka tafi da ita gidan iyayenta a Darmanawa goyon ciki, yadda aka saba. Yaya kuwa ga shi da kunyar surukai ta fitar hankali. Zai yi wanka, ya sa hula, ya taka har can, ya durƙusa a zaure ya gaida mahaifinta, sannan ya juyo ko inuwarta bai gani ba. Sai ya mayar da wannan tafiyar tasa wasa. Ni nake kai wa Rabi na'urar idan zan je duba ta, in dawo masa da ita ya ƙara wani abu a ciki.

Ga yadda wasan yake. Wani ɗan mutum ne mai hula, bai fi ƙwayar wake ba, zai fito daga gidanmu da kwanon miya a hannu, ya nufi Darmanawa. Babu bindiga, babu dodo. Abin da zai kayar da kai 'yan acaɓa ne da kwatami, sai kuma gaisuwa. Duk dattijon da ka tarar a hanya dole ka tsaya, ka danna maɓallin durƙusawa, ka riƙe shi har sai ya gama tambayarka mutanen gida. Idan ka wuce shi, ko ka gaishe shi a tsaye, ko ka miƙe kafin ya gama, sai ka ga an mayar da kai ƙofar gidanku, an rubuta maka, "Koma a koya maka ladabi." Da Hausa ya rubuta komai, haruffan ma shi ya zana su ɗigo-ɗigo. Idan Allah ya taimake ka ka isa gidan su Rabi da miyarka, sai ɗan mutumin ya tsaya a zaure, ya ajiye kwano, ya sosa ƙeya, ya juya. Nan wasan yake ƙarewa. Rabi ta yi dariya har sai da mahaifiyarta ta leƙo ta ga ko lafiya.

Aka haifi mace, aka sa mata sunan Innarmu, Hauwa'u, saboda haka kowa Ummi yake ce mata. Ga ta 'yar fari, ga sunan uwa, sai kunyar Yaya ta ninku. Ko Ummin ba ya iya faɗa, sai dai "yarinyar nan". Idan ta rarrafo wajensa a gaban mutane, sai ya tuna yana da uzuri a waje. Dattawan gidanmu suna yaba masa, suna cewa ya san ya kamata. Na'urar ta koma hannunsa, ya ci gaba da taɓe-taɓensa a shagon Bulus, mu kuwa mun riga mun san ƙarshen wasan, mun daina nema. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya tafi da shi. Bayan rasuwarsa ba da jimawa ba aka kawo wuta mai ƙarfi ta ƙone kwamfutar shagon da duk aikinsa. Abin da ya rage a duniya daga wannan wahala tasa shi ne kaset ɗin nan guda. Na naɗe shi da na'urar a tsohon ɗankwali na jefa ƙasan akwati, don ganinsu yana tayar mini da hankali.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo yau. Acaɓan da ya zana sun ɓace, 'yan adaidaita sahu sun maye gurbinsu. Filin da muke yankewa mu shiga Tarauni ya zama shaguna. Jikokina suna riƙe da waya mai hotuna kamar a taɓa, suna harbe-harbe da mutanen da ba su san ƙasarsu ba, kuma ban taɓa ganin an mayar da ɗayansu gida don bai gaida kowa ba. Ina jin wayar za ta burge shi, zai kwance ta ya ga cikinta kafin la'asar. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai kalli iyayen zamani, waɗanda ke saɓa ɗan fari a kafaɗa su ɗauki hoto su aika wa duniya. Da can na ɗauka zai kau da kai. Yanzu ina zaton kishinsu zai ji.

Watan jiya Ummi ta zo wajena, ana shirin bikinta. Muna tsince shinkafa ta ce, "Gwaggo, don Allah in tambaye ki. Wai da gaske Babana bai taɓa ɗaukata ba?" Ashe tun tana ƙarama take jin tsofaffi suna cewa, "Babanki akwai kunya, ko kallonki ba ya yi." Su yabo suke yi, ita kuwa yarinyar wannan zamani abin da ta ji shi ne ba a so ta ba. Babu hotonsu tare ko ɗaya. Mahaifiyarta ba za ta yi mata wannan maganar ba, don ita ma har gobe ba ta kama sunanta. Na yi mata bayanin al'ada, ta saurara da ladabi, ta ce, "Na gane, Gwaggo. Amma ke kin taɓa gani da idonki?" Ban taɓa gani ba, kuma ban iya yi mata ƙarya ba. Na ga yarinya za ta shiga gidan miji da wannan ciwo a zuciyarta, ni kuma ba ni da maganinsa.

Don in ɗan sanyaya mata rai ne kawai na tono ɗankwalin nan. Na ce ko ba komai ta ga aikin hannunsa. Muka je wajen Bulus, wanda yanzu ya yi furfura, yana gyaran waya a shagon nan dai na Tarauni. Da ya ga abin da na kwance sai ya cire tabarau ya karɓa. Ya kankare tsatsar da ta ci gurbin batir, ya goge bakin kaset ɗin da auduga, ya hura shi yadda suke yi a da. Ya ce, "Talatu, kada ki sa rai da yawa. Idan ya mutu, ya mutu ke nan, babu wani a ko'ina." Ya sa sabon batir, ya tura makunnin.

Sai ga ƙofar gidanmu a gilashin. Na matso kusa ina kallo. Ga bishiyar darbejiyar da aka sare, ga rijiyar da aka cike, ga teburin mai shayin bakin layi. Unguwar da na yi zaton ta tafi har abada tana zaune lafiya lau a cikin abin da bai fi kwalin ashana ba, shekara ashirin a ƙasan akwati babu ci babu sha. Dattawan da ke kan hanyar duk na gane su, kuma babu ko ɗaya da ke raye. Ikon Allah ya wuce tunani, amma abin da ya sanar da ɗan Adam ma abin tsoro ne.

Ummi ta karɓa ta fara shafa gilashin da yatsa kamar waya, Bulus ya yi dariya ya nuna mata maɓallan. Tsohuwar farko ma ba ta wuce ba aka mayar da ita gida neman ladabi. Ta ce, "Kai, Baba," tana dariya, kuma wannan ne karo na farko da na ji ta kira shi kamar yana kusa. Ta zubar da miya, acaɓa ya kwashe ta, ta faɗa kwatami. Muna bakin ƙofar shagon saboda haske, har masu jiran gyaran waya suka zagaye mu suna ba ta shawara. A hankali ta koyi durƙusawa da jira. Can wajen la'asar ta iso Darmanawa da kwanonta.

Ɗan mutumin ya tsaya a zaure, ya ajiye kwano, ya sosa ƙeya. Na ce, "To, nan ne ƙarshe, yanzu zai juya." Bai juya ba. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya cire takalmi ya shiga. Na kalli Bulus, ya girgiza kai, shi ma bai taɓa ganin wannan ba. Ashe abin da yake ƙarawa ke nan a watannin da muka daina kula shi. Cikin gidan babu kowa sai wata 'yar jaririya a kan tabarma. Rubutu ya fito a ƙasa, da haruffan nan nasa: "Hauwa'u. Zo, babu mai ganinmu."

Ummi ta danna maɓallin durƙusawa, don shi hannunta ya saba da shi. Ɗan mutumin ya sunkuya ya ɗauki jaririyar ya rungume. Da ta sassauta yatsa sai ya ajiye ta. Ta sake dannawa, ya sake ɗauka. Haka ya tsara shi, babu maki, babu ƙarshe, muddin kana riƙe da maɓallin yana riƙe da ita. Mutanen da suka zagaye mu suka janye ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ce musu komai ba.

Yaya bai bar gadon gida ba, bai bar fili ba, ɗalibansa ma sun watsu a duniya. Na daɗe ina ganin kunyarsa ita ce abin da za a fi tuna shi da ita, kuma ban ce ta laifi ba ce, haka aka rene mu. Amma yanzu na san wannan kunyar ba ta hana shi komai ba, wuri kawai ya nema inda ba idon kowa, da bai samu ba ya gina da hannunsa. Allah ya kai haske kabarinka, Yaya, ya sa ka tarar da ƙofar da ba sai ka tsaya a zaure ba.

Ranar an kira sallar la'asar, Bulus yana son rufe shago ya je cefane, amma babu wanda ya iya ce wa Ummi ta tashi. Tana zaune a kan benci, hawaye yana sauka a kan mayafinta, babban yatsanta a kan maɓallin. Ba ta sake shi ba har batir ya ƙare.