Na je korar mai fifita

"Inna, wa kike jinya a nan?"

Haka na tambayi wata tsohuwa jiya da azahar, fuskata a ɗaure, a ɗakin mata na ƙaramin asibitin da nake kula da shi kusa da Yankara.

Tun da mai ya yi tsada muka daina tada janareta da rana, fankoki suka tsaya. Wanda ya ɗan ji sauƙi sai mu sallame shi ya ƙarasa magani a gida. Na kuma kafa doka cewa kowane majinyaci mutum ɗaya zai zauna da shi, don ruwan da muke saye wurin 'yan garuwa ba ya isa.

Ita kuwa tun makon jiya muka sallami ɗiyarta, amma kullum sai na gan ta. Raina ya ba ni cewa inuwa da ruwan kyauta ta biyo.

Ba ta fasa kaɗa maficinta ba. Ta nuna matar da ke kwance gabanta, ta ce, "Likita, wagga baiwar Allah ba ta da kowa, an tashi garinsu. Kun kashe fanka, ni kuwa hannuna bai shan mai. Ruwana ma daga gida nike zuwa da shi."

Ban ambaci ruwa ba. A fuskata ta gani.

Ni na kashe fanka, ni kuma na zo korar mai fifita. Jama'a, da wane baki ake ba irin wannan uwa haƙuri?