Tsokar da Baba Ya Ciro a Kibiya

Mun wuce Bunkure kenan yayata ta ce in rage gudu, wai ba ta gama shirya abin da za ta faɗa wa Baba ba. Tun asuba muka baro Kano, ni ke tuƙi. An ba ta gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje kan binciken da take yi da ɓeraye, Baba kuma ya ce mata ta waya 'yarsa ba za ta tsallaka teku saboda ɓera ba. Ita kuma ta ce in bai sa albarka ba, ba inda za ta.

Hanya dai sai a hankali, ramuka cike da ruwan damina, amma dawa ta yi kore shar har gindin duwatsun Rano. A nan na sha fura da nono wajen wata Bafillatana, ta ƙara min, wai 'yan birni duk a rame muke. Yaya ko ludayi ɗaya ta kasa sha.

Da hantsi muka shiga Kibiya. Baba tsohon mahauci ne, ya bar kasuwa amma bai ajiye wuƙa ba. Ya yanka mana ɗan akuya, yana fiɗa a tsakar gida Yaya ta durƙusa gefensa.

"Baba, akwai wata 'yar tsoka fara-fara a bayan ƙashin ƙirji. A cikinta ƙwayoyin da ke kare jiki daga cuta suke koyon aiki. A ɓera muke dubawa, don ƙwayoyin nan su ma suna haɗa homon, sinadarin da ke kai saƙo cikin jiki. So nake in gane amfanin saƙon."

Baba ya tsaga ƙirjin, ya zura yatsu biyu, ya ɗago wani abu mai laushi.

"Wannan?"

"Ita ce, Baba."

"Tun ina saurayi nake ciro ta. A ƙaramar dabba ga ta nan ɓul-ɓul, a tsohon bunsuru sai kitse. Na taɓa tambayar maigidana a fawa me ke cinye ta, ya ce in yi aikin gabana. Ke kin sani?"

"Ba a gama ganewa ba tukuna."

Ya daɗe yana jujjuya ta a tafin hannu. Can ya ce, "Je ki, Allah ya yi miki albarka. Amma in kin gano, ni za ki fara faɗa wa kafin Turawa."

Da kansa ya gasa tsokar ya ba ta. Ni ko ɗanɗane ban samu ba.

Bayan la'asar muka juyo, Yaya na ta share ido da gefen mayafi, kafin magariba muna gida. Na girma a gaban wuƙar nan, ban taɓa sanin Baba na ɗauke da tambaya ba, don ban taɓa tambayarsa ba. Ku fa, kun san abin da mahaifinku ya daɗe yana son ya sani?