Ranar da Na Kira Sunansa a Hanyar Waya

Yanzu mantuwa ta yi mini yawa, har nakan yi ta neman carbi alhali yana wuyana. Amma tafiyar da muka yi ni da maigidana zuwa ƙasar Kabi a tsakiyar bazara, ita kam ba zan manta da ita ba har a rufe ni.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Sakkwato ba. Ni 'yar gidan malamai ce, shi kuma ɗan kasuwa mai sayar da tufafi, ga surutu ga son sabon abu. Mun yi shekaru tare, irin zaman da aka san 'ya'yan mutunci da shi a birni: ba mu taɓa ci a ƙwarya ɗaya ba, ban kuma taɓa kama sunansa ba. Malam nake ce masa, ko da yake karatun nasa bai taka kara ya karya ba. In wani ya ci sunan, sai dai in ce "mai sunan Malam".

Mahaifiyata ta koma wajen danginta a Kabi bayan rasuwar babanmu, na daɗe ina roƙon a kai ni in gan ta. Ayarin fatake ya riga ya wuce, damina kuma tana tafe, in ta sauka sai baɗi. Sai ya ce mini, "Mi za mu yi da ayari? Yanzu hanya lahiya lau, ba mai tare kowa. Jakkai biyu sun ishe mu."

Muka fita ta Ƙofar Kade bayan sallar asuba, da tabarma, da 'yar tukunya, da dawo, da salkar ruwa da ɗan ƙoƙonta. Ƙwarya kuwa ɗaya tal ya ɗauko, wai kada kaya su yi nauyi. Har yau ina zargin da gangan ya yi.

Wanda bai san bazarar ƙasarmu ba, ba zai gane ba. Kafin hantsi tsakuwa ta fara ƙona ƙafa ta cikin takalmi, iskar ma da zafinta take zuwa. Itatuwa duk sun kaɗe, sai gawo kaɗai ke da ganye. Muna tafiya da sanyin safiya, rana ta take mu ya da zango a gindin gawo, ya kafa sanduna ya ɗaura zanena ya yi mana rumfa. A nan na fara dama fura na miƙa masa, na juya baya ina jira ya gama.

"Ke, wa ka kallon ki nan?" in ji shi. "Jakkai? Taho mu sha."

Na sha, kaina a sunkuye, yana ta yi mini dariya. Gaskiya kwanakin nan sun yi mini daɗi. Ni da ban san komai ba sai bangon gida, ga ni ina hura wuta a kan duwatsu uku, ina jin labaran da ban taɓa sanin yana da su ba, har da na mahaifiyarsa da ta rasu tun yana ƙarami.

Bayan 'yan kwanaki muka iso inda hanya ta rabu. Tsohuwar hanyar fatake ta karkata ta nufi fadama. Ɗayar kuwa sabuwa ce, wadda Nasara suka sa aka share don wayar da suke aika saƙo da ita: turaku a jere, waya a kansu, daji a tsage miƙe har iyakar gani. Ya tsaya yana kallonta da sha'awa.

"Dubi wagga, miƙe take awa zare. Waccan ta tsohhi sai kwana-kwana. In munka bi waya, jibi kina gaban Innarki."

Na ce to, har da yaba masa wayo. Mu biyun 'yan birni ne, ruwa a ƙofar gida muka saba ganinsa. Ba mu san cewa kwane-kwanen tsohuwar hanya ba na banza ba ne, daga rijiya take zuwa rijiya. Waya kuwa ba ta shan ruwa, don haka waɗanda suka ja ta ba su nemi rijiya ba.

Muka wuni ba gari ba rijiya. Washegari salka ta lanƙwashe, surutun Malam ya ragu. In ya tsiyaya mini a ƙoƙo na ce, "Kai hwa, ka sha?" sai ya ce ya sha, ya juya baya ya ɗaga salka sama. Daga baya na gane ɗagawa kawai yake yi, bakin salkar a ɗaure yake.

Da azahar ya hango wasu itatuwa masu duhu can gefe, ya ce ba mamaki ƙorama ce. Ya ɗaure jakai, ya ce in zauna a inuwa, yanzu zai dawo. Na bi shi da kallo yana tafiya yana ɗan tangaɗi, na ɗauka gajiya ce.

Inuwa ta juya, la'asar ta yi, shiru. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ɗauki ƙoƙo na bi sawunsa har ya ɓace mini a kan marmara. Na tsaya na ɗaga murya, "Malam!" Ba amsa. "Maigida!" Sai kukan kurciya. Na yi gabas na yi yamma ina ta kiran Malam har muryata ta fara dushewa, rana kuma tana sunkuyawa. Na san in duhu ya same shi a inda yake, ba zai ga safiya ba.

Sai sunan ya zo mini baki. Abin dariya, a dajin da ba kowa, sai da na waiwaya na duba ko wani na ji. Sannan na rufe ido na kwarma shi, da duk ƙarfin da ya rage mini. Baƙo ne a harshena, ban ma san haka yake fita ba. Na sake.

Can ƙasa, ta bayan wata sabara, na ji wata 'yar murya ta ce, "Na'am."

A cikin busasshiyar ƙorama na same shi, kwance rub da ciki, hannunsa cikin ramin da ya fara tonawa kafin jiri ya ka da shi. Leɓunansa sun tsage, idanunsa sun faɗa. Na taɓa yashin ramin na ji danshi. Na durƙusa da ƙoƙo na yi ta yasa, ina kuka ina salati, har ruwa ya fara tsattsafowa, ja da shi. Na tace da bakin zane na ɗiga masa a baki kaɗan-kaɗan.

Da hankalinsa ya dawo, ya daɗe yana kallona. Ya ce yana jin ana cewa Malam can nesa, amma ya ɗauka da wani ake.

"Da nij ji sunana, na aza Inna ta. Tun da tar rasu ba macen da tak kira ni hakanan." Sai ga murmushin nan nasa na tsokana. "Ashe kin san shi. Sake hwaɗi in ji."

Na ja mayafi na rufe fuska na ce ya tashi mu shayar da jakai. Da gari ya waye muka bi ƙoramar har ta mai da mu tsohuwar hanya. Na ga mahaifiyata, muka dawo da ayari, ban gaya wa kowa ba. Muka koma zamanmu na da, shi da ƙwaryarsa ni da tawa. Lokaci-lokaci in mun keɓe yakan ce in sake faɗa, in ce masa nan ba daji ba ne.

Shekaru suka tura, muka aurar da 'ya'ya. A ciwonsa na ƙarshe, wata safiya ɗaki cike da 'yan'uwansa, ya daina gane mutane. Wannan ta ce Yaya, wancan ya ce Baba, ko motsi. Na matsa kusa da kunnensa, a gaban ƙannensa mata da surukaina, na kira shi kamar yadda na kira shi a ƙoramar nan. Na ji wata ta ja numfashi don mamaki, ban ko dube ta ba. Ya buɗe ido ya ce, "Na'am." Ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni kafin kalmar shahada.

Ban raina kunya ba, a kanta na tayar da 'ya'yana. Amma tafiyar nan ta koya mini cewa an yi kunya ne don a girmama mutum, ba don a rasa shi ba, kuma akwai ranar da girmamawar ita ce ka buɗe baki. Sunan kuwa kada ku tambaye ni. A daji na faɗa, a bakin shimfiɗarsa na faɗa, duka kuma ya amsa. Wannan ya ishe ni.