Ƙararrawar Baba Adesokan

Duk wanda ya bi ta layin bayan tashar jirgin ƙasa a Osogbo da hantsi zai sami Baba Adesokan a baranda, da farar shimi da zani a ƙugu, kwanon koko a gefe, ƙosai a takarda, rediyo na ta surutu ba mai sauraro. Ba ya kai cokali baki sai ya duba agogon hannunsa, halin da ya taho da shi daga aikin jirgi, inda ya kai shugaban tasha kafin ya huta. A kan ɗan teburin da ke gabansa akwai wata ƙararrawa ta tagulla wadda hannu ya goge har tana sheƙi. Ranar Asabar kuwa matarsa, da duk muke kira Mama, takan fito da ƙarin kujera ta ajiye, don ta san ɗalibi na tafe.

Ɗaliban nasa ba yara ba ne. Lauyoyi ne da malaman makaranta da manyan 'yan kasuwa, wani ma da direbansa yake zuwa. A ƙungiyarmu ta sa-kai, Iranlowo, shekara ɗaya shugaba yake yi ya sauka, kuma ana zaɓen magajinsa tun da sauran watanni. Watannin nan na Baba ne. Fiye da shekara ashirin, babu wanda ya rataya sarƙar shugabanci a reshenmu ko a rassan garuruwan da ke kewaye bai zauna a wannan kujera ba. Ba a taɓa biyansa ba, sunansa kuma ba ya kan ko ɗaya daga cikin allunan da muke mannawa a jikin rijiyoyi.

Yana koya musu abubuwa da dama. Ka ƙarasa aikin wanda ka gada kafin ka fara naka. Ka san gidan kowane mamba, kada ranar rasuwa ta zama ranar da za ka fara tambayar hanya. Amma abin da ya yi suna a kai shi ne ƙararrawa, kuma wannan yana da dalili.

Taronmu na Alhamis da rana ne, kowa satar lokaci yake yi daga wurin aiki. Dokar ƙungiya ta ce mai magana ya taƙaita, in ya zarce shugaba ya buga masa ƙararrawa. Rubuta wannan doka ba wuya. Amma a nan, inda namiji ke kwanciya rub-da-ciki ya gai da babba, mace ta kai gwiwa biyu ƙasa, wa zai katse sa'an ubansa yana tsakiyar magana? Dattawanmu kuwa, Allah ya ƙara musu lafiya, in lasifika ta shiga hannunsu sai ka rantse gadonta suka ci.

Wata shekara wani likitan ido ya zo daga Ibadan, ya ce zai cire wa tsofaffi yanar ido kyauta, mu dai mu tsayar da rana da wuri kafin ya koma. Sai Cif Oladosu, babban dillalin kokon cakulan kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa reshen, ya miƙe yin maraba. Ya faro daga kakansa. Shugaban lokacin matashi ne, yana ta kallon ƙararrawa, yana kallon furfurar Cif, gumi na bin wuyansa, har likita ya duba agogo, ya ba da haƙuri ya fita. Aikin bai yiwu ba sai bayan shekara. A layin su Baba akwai wata tsohuwa mai sayar da barkono da shi da bakinsa ya yi wa albishir cewa za ta sake ganin jikokinta. Ba ta kai shekarar ba. Baba bai zagi Cif ba, bai zagi shugaba ba. Ya je kasuwa ya sayo ƙararrawa tasa ta kansa.

Ga yadda darasin yake. Ɗalibi zai zo da shirin a koya masa jawabi. Baba zai tura ƙararrawar gabansa ya ce, "Kai ne shugaba, ni mamba ne. Ka ba ni dama in yi magana a taƙaice." Daga nan sai ya kama labarin wani jirgin kaya da ruwan sama ya tsare a Offa, labarin da ba shi da kai ba shi da gindi, ya shiga sunan direba da ƙauyen su matar direba da farashin doya a wancan zamani. Yawancinsu sukan zauna suna gyaɗa kai har koko ya huce. In ya ga abin ya isa, sai ya tsaya cak.

"Lauya, hannun naka ya shanye ne?"

"Haba Baba, ai ba zan iya katse ka ba."

"To tashi ka tafi gida. Ka gaya wa madam ta fasa ɗinka ankon bikin. Mutum arba'in sun bar aikinsu sun zo, kai kana nan kana yi wa tsoho ladabi da lokacinsu. Lokacin naka ne da za ka yi kyauta da shi?"

Wasu kuma, don su nuna sun gane, sai su rafka mata duka daga zaune, ƙafa kan ƙafa. Wannan ya fi ɓata masa rai. "Kai, ni akuya ce da za ka kora? Gobe ka yi wa Cif haka, ya fita da mutanensa da motarsa, ka ga wanda zai kai maka siminti ƙauye." Abin da yake so shi ne ka taso daga kujerarka da ƙararrawar a hannu, ka je gaban dattijo, ka rusuna yadda uwarka ta koya maka, ka buga sau ɗaya a hankali, ka ce, "Baba, mun ƙaru, a ajiye mana sauran." Babu dattijon da zai yi fushi da wanda ke durƙushe a gabansa. Cif Oladosu kansa, ranar da aka fara yi masa, dariya ya yi ya ce wannan sharrin ɗan tasha ne.

Kai ne, Baba, ka gano cewa ba sai mun jefar da tarbiyyarmu ba kafin aiki ya tafi. Tun daga lokacin ake tashi taronmu da wuri, nas ta koma asibiti, makanike ya koma gareji, an kuma yanke abin da aka zo yankewa. Tsofaffin da suka buɗe ido suka ga haske a shekarun nan ba su san sunanka ba.

Wadda aka zaɓa bana ita ce Morenike Ojediran, mai kantin magani a Oke-Fia, mace mai sanyin murya wadda ta girmi 'yar autan Baba da kaɗan. Ta ci darasin ƙararrawa tun zuwa na biyu, har Baba yana yi wa lauyoyi gori da ita. Amma wata Asabar, bayan ta durƙusa ta buga, ya yaba mata, sun koma maganar gyaran rijiya, sai ya sake ɗauko labarin jirgin Offa daga farko. Ta ɗauka gwaji ne, ta sake bugawa. Ba a jima ba ya kuma ɗauko shi, da fara'arsa, kamar bai taɓa ba ta ba. Ta dubi fuskarsa tana neman ƙyaftawar idon da yakan yi in yana tsokana, ba ta gani ba.

Mama ta raka ta bakin mota. "Kin gani, ko?" in ji ta. "Tun bara ya fara. Jiya ya tambaye ni ko yayansa ya iso, mutumin da muka binne tun yaranmu na firamare. Da can wasa yake yi da labarin nan. Yanzu labarin ne ke wasa da shi." Morenike ta zauna a mota ba ta tayar ba, ta yi kuka mai isarta.

Shi ma ya sani. Asabar ɗin ƙarshe kafin bikin miƙa shugabanci, ranar kansa a sarari yake, ya ce ta matso da kujera.

"'Yata, na ji an ce za a karrama ni, a ba ni lasifika in yi ban kwana."

"Haka ne, Baba. Kwamiti ya ce ka yi magana iya son ranka, ranar ba ƙararrawa."

"Kwamitin banza. Ke ce shugaba ko su?" Ya murza yatsunsa. "Kaina ya fara yoyo, Morenike, kada ki ce mini a'a, ke mai magani ce. Zan iya farawa lafiya in ɓace a hanya. In na ɓace, za su sunkuyar da kai su bar ni ina ta zuba, kowa na cewa Allah sarki tsoho. Wannan nake tsoro, ya fi mini mutuwa ciwo. Ki buga mini kamar yadda za ki buga wa kowa."

"Baba, a gaban jama'a? Ranar karramaka? Za a ce ban da kunya."

"Za a faɗa. Sai ki zaɓa, a zage ki ko a ji tausayina."

Ta tafi da maganar a ranta mako guda, har mijinta yana tambaya ko shugabancin ne ya fara hana ta cin abinci tun ba a hau ba.

Ranar biki ɗakin taro ya cika, manyan riguna da gwaggwaro har ba ka ganin gaba, ƙamshin amala da miyar ayoyo na shigowa daga baya. Aka rataya wa Morenike sarƙa, aka yi tafi. Sannan aka kira Baba. Ya fito tsaf cikin babbar riga ruwan toka, ya gode wa Allah, ya gode wa Mama, ya kira shugabannin da ya koyar ɗaya bayan ɗaya bai tsallake kowa ba. Muka fara sakin jiki. Sai ya ce, "Wannan ya tuna mini da wani jirgin kaya a Offa." Ɗakin ya fashe da dariya, don rabin mutanen ciki sun sha wannan labari a baranda. Shi bai yi dariya ba. Ya ba da labarin har ruwa ya ɗauke, ya koma farko. A zagaye na biyu dariya ta mutu. Ya fara laluben sunan direban, yana juyawa yana tambayar wani abokin aikinsa da ya daɗe da rasuwa. Manyan mutane suka sunkuyar da kai suna kallon faranti. Mama ta damƙe jakarta da hannu biyu. Wani daga babban tebur ya raɗa wa Morenike, "Ki bar shi, ranarsa ce."

Ta tashi. Ta ɗauki ƙararrawar ƙungiya, ta taka har gabansa, sarƙar na kaɗawa a ƙirjinta, ta kai gwiwa biyu ƙasa da sabon leshinta. Ta buga sau ɗaya.

"Baba, mun ƙaru. A ajiye mana sauran."

Ya tsaya. Ya dube ta, ya dubi jama'a, ka ga mutum yana dawowa cikin idonsa a hankali. Ya sauke lasifikar daga bakinsa, amma mu na gaba mun ji.

"Na ɓace, ko?"

"Kaɗan, Baba."

"Kin zo da wuri?"

"Ban bari ka yi nisa ba."

Ya ɗora hannu a kanta, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya mai da lasifika ya ce da ƙarfi, da muryarsa ta shugaban tasha, "Kun ga shugaba. Na gama." Ya miƙa mata hannu, ta miƙe, ta kai shi kujerarsa kusa da Mama. Ban taɓa jin tafi irin na ranar ba, kuma ban ji kunyar hawayena ba, don na kusa da ni ma share nasa yake da hannun riga. Cif Oladosu ne ke biye a jerin masu magana. Ya miƙe da sandarsa ya ce, "Allah ya saka wa ɗan tasha da alheri," ya zauna. Waɗanda suka san Cif sun ce wannan ma abin a rubuta ne.

Baba Adesokan yana nan da ransa, yana cin abincinsa, yana tsokanar Mama. Wata rana ya gane ka tun daga bakin ƙofa, wata rana sai ka faɗi sunanka. Shi ya sa na ga gara a yi wannan godiya yanzu, a kai masa a karanta masa da rana tsaka, tun yana iya cewa an cika surutu.

Ku da kuke riƙe da ƙungiyoyi, na unguwa ne ko na masallaci ko na coci, musamman ku da furfura ta fara sauka, ga abin koyi. Kada ku tsaya ga koya wa na baya yadda za su gaishe ku. Ku zaunar da su tun kuna da ƙarfi, ku koya musu yadda za su tsayar da ku, ku kuma ba su izini da bakinku.

Kai ne, Baba, ɗan tasha, malamin shugabanni wanda bai taɓa neman kujera ba. Ka koya mana yadda ake dakatar da babba a bar masa girmansa, kuma da abin ya zo kanka ba ka nemi a yi maka sassauci ba. Muna ƙaunarka, mun gode. Allah ya sa wa Mama haƙuri da lada, ya kuma ba ka sauƙin kwanakin da ke gaba.